Kontagora: Garin Da Aka Kwantar Da Gora

Duk matafiyin da ya taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Ikko, ta ratsa Ilori da Jabba da Makwa, ta nufi Yawuri da Sakkwato, to, ya san Kontagora. Amma yawanci sanin tasha ne: a sha mai, a yi salla, a ci abinci, a wuce. Kaɗan ne ke kwana domin su ga gari, alhali kuwa wannan masarauta tana da abin kallo da abin ji wanda ya isa ya tsai da baƙo kwana uku bai ƙosa ba.

Sunan garin ma kansa labari ne. Masu ba da tarihi sun ce sa'ad da Umaru Nagwamatse ya iso bakin kogin nan da rundunarsa, sai ya umarci jama'a su kwantar da gora, watau tafiya ta ƙare, an sami mazauni. Daga "kwanta gora" ne aka sami Kontagora. Shi Umaru ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ya naɗa shi Sarkin Sudan cikin 1859, ya kafa garin cikin 1864, ya rasu cikin 1876. Har wa yau da wannan laƙabi ake kiran sarakunan Kontagora.

Saboda haka baƙo ya fara da ƙofar fada. A nan zai ji labarin Ibrahim Nagwamatse, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1880, Turawa suka ci garin a hannunsa cikin 1901, suka kama shi cikin 1902, sa'an nan da suka ga ƙasar ba ta zaunu ba suka mayar da shi cikin 1903, ya riƙe har 1929. Bayansa aka yi Umaru Maidubu, da Mu'azu, da Alhaji Sa'idu Namaska wanda ya yi shekara 47 yana sarauta, daga 1974 zuwa 2021, kana aka naɗa Alhaji Muhammadu Barau Mu'azu. In Allah ya sa zuwan baƙo ya dace da ranar hawan Salla, zai ga hakimai da dawakinsu, ya ji kakaki da tambari, ya san sarauta tana nan da ranta.

Ba nisa da gari akwai Rijiyar Nagwamatse. Mutanen wurin suna cewa ƙishirwa ce ta kama runduna a daji, Umaru ya tona ƙasa, Allah ya ba da ruwa. Ko mai karatu ya ɗauki zancen a matsayin karama, ko ya ɗauke shi hikaya, rijiyar dai tana nan, kuma wurin ya ci sunanta.

To, amma tarihin ƙasar nan ba na fada kaɗai ba ne. Tun kafin zuwan Nagwamatse akwai Kambari da Kamuku da Dakarkari da Dukawa da Gwari, kuma yaƙe-yaƙe da kamun bayi na wancan zamani sun tarwatsa garuruwansu da yawa, har waɗansu suka koma bisa duwatsu. Jikokinsu na nan suna noma, suna cin kasuwa ɗaya da jikokin mayaƙan. Wanda ke son ya fahimci Kontagora sai ya saurari baki biyu, na fada da na ƙauye. Hanyar sauraron na ƙauye kuwa ita ce a nausa cikin Ƙaramar Hukumar Mariga, wadda hedkwatarta ke Bangi, a ga kasuwar shanu ta Mariga, a isa gundumomi irin su Kotonkoro da Kumbashi.

Daga kudu maso gabas, cikin Ƙaramar Hukumar Wushishi, ga Zungeru, inda Gwamna Lugga ya kafa hedkwatar Arewa cikin 1902 kafin a ƙaura zuwa Kaduna. A nan aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe cikin 1904, da Odumegwu Ojukwu cikin 1933. Kangayen gine-ginen Turawa suna nan, amma gadar ƙafa ta Lugga an ciro ta cikin 1954 aka kai Kaduna, can mutane ke kallonta. Daga yamma kuma ga dajin Zugurma, wanda aka haɗa da na Bargu aka yi gandun namun daji na Tafkin Kainji, mazaunin gwanki da mariya da kanki da dorina. Kusa da shi ga madatsar ruwan Kainji da aka gama cikin 1968.

To, mai karatu zai ce, in haka abin yake, ina baƙin? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Cikin Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a makarantar sakandare ta Kagara. Cikin Mayu na shekarar suka ɗebi yara fiye da 100 a wata Islamiyya a Tegina, garin da hanyar Kaduna da ta Minna ke haɗuwa kafin a nufi Kontagora. Ƙauyukan Mariga, har da na ƙasar Kumbashi, sun sha hare-hare, manoma da yawa sun bar gonakinsu sun zo gari suna raɓe. Gandun Kainji ma masu makamai sun sami maɓoya a cikinsa. Wurin da mai shi ke barci da ido ɗaya, yaya baƙo zai zo da iyalinsa shan iska?

Darasin Argungu ya ishe mu. Bikin kamun kifin da aka soma cikin 1934, wanda ya yi suna har ƙasashen waje, sai da aka yi shekara goma ba a yi shi ba bayan na 2009, har 2020. Tare da shi kuwa cinikin mai masauki da mai tuwo da direba da mai kwalekwale ya tsaya, domin baƙo shi ne kasuwarsu.

Don haka kiranmu ga Gwamnatin Jihar Neja da Majalisar Sarkin Sudan shi ne a yi aiki biyu tare. Na farko, tsaron hanya da na ƙauye, wanda in babu shi duk wani talla aikin banza ne. Na biyu kuwa ba ya jiran komai: a kewaye rijiya da kangayen Zungeru, a kafa allo mai bayani da Hausa, a tura malamai su ɗauki maganar tsofaffin Kumbashi da Kotonkoro tun suna da rai. Gini in ya rushe a iya ta da shi, amma tsoho in ya tafi da labarinsa, shi ke nan.

Allah ya zaunar da ƙasar Sarkin Sudan lafiya, ya kawo ranar da baƙo zai kwantar da gorarsa a Kumbashi ya yi barci har gari ya waye.