Na Kai Fijon Babanmu Gyallesu

Uwargida, in aka ambaci Zariya na san abin da zai fara zuwa miki rai bai wuce Ƙofar Doka ko fadar Sarkin Zazzau ba, ko kuma Samaru idan ɗanki yana jami'a. Gyallesu ba ta cikin wuraren da ake kai baƙo ya gani. Unguwa ce a yankin Tudun Wada, maƙwabciyar Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da shari'a da harkar mulki. Ga kuma babbar makarantar horar da malamai ta tarayya, wadda ɗalibanta suka cika lungunan unguwar da haya. Da safe za ki ga masu ƙosai da koko a bakin titi, 'yan acaɓa suna ta hon, 'yan mata rungume da littattafai suna sauri. Ni dai mota ce ta kai ni, motar da ta shekara goma sha ɗaya ba ta motsa daga inda take ba.

Peugeot 504 ce, wadda mu muka sani da Fijo. Babanmu malamin makaranta ne, da bashin mota na gwamnati ya saye ta. Bayan rasuwarsa sai aka jingine ta a gindin mangwaron gidanmu, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da kujerar baya akurki. Da aka zo raba abin da ya saura na gado, yayyena maza suka ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Ban yi musu ba. Na jira kwasar adashena, na biya kowa rabonsa, mota ta zama tawa. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce na sayi akurki mafi tsada a Zazzau.

Idan shekarunki sun kai nawa, kin shiga irin wannan mota, ko zuwa biki ko zuwa asibiti haihuwa. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. Daga 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, kuma 504 ta daɗe tana fitowa daga can bayan Turawa sun daina yin ta a ƙasarsu, har ta tsallaka shekarar 2000. A zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, doguwarta kuma ita ce tasi tsakanin Zariya da Kano da Kaduna. Shi ya sa har yau ba a rasa dattawan makanikai da suka san ta ciki da waje. Ɗaya daga cikinsu aka kwatanta mini a Gyallesu.

Garejin fili ne kawai da rumfar kwano da bishiyar darbejiya, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin saboda shekarun da ta yi tana shan baƙin mai. Dattijon ya zagaya motar sau ɗaya, bai ko kalli fentin jikinta da ya koɗe ba. Bonet ya ɗaga, ya leƙa, ya daɗe shiru.

"Hajiya, jiki ba ya ba ni tsoro," in ji shi. "Gidan injin nan ne zai gaya mana ko kuɗinki ya tafi."

Na ce, "Baba, ai ba wanda ke ganin wurin."

Ya ce shi ya sa tsatsa ta fi son sa.

Sai da suka ciro injin da sarƙa, suka cire lagireto da wayoyi, sannan na fahimci maganarsa. Yara biyu suka kwana biyu suna wanke ramin da kananzir da burushi, daga baya da omo da ruwa, domin fenti ba ya kama ƙarfen da ke da maiƙo. Abin da ya ba ni mamaki, duk inda mai ya daɗe yana yoyo, ƙarfen ya fito sumul kamar sabo, don maiƙon ya hana ruwa da iska taɓa shi. Kin san yadda kike shafa wa kaskon tuya mai kafin ki ajiye shi? To haka ne. Ɓarnar tana wurare uku. Akwai inda batir ke zama, wanda ruwan batir ya cinye har ana hango ƙasa ta cikinsa. Akwai ƙarƙashin tukunyar man birki, domin man birki yana ɗaye fenti ya bar ƙarfe tsirara. Sai kwararon da ke gindin gilashin gaba, inda ganyen mangwaro ya toshe hanyar ruwa, damina goma sha ɗaya ta yi ta kwanciya a ciki.

Wurin batirin aka fara wankewa da jiƙaƙƙiyar kanwa, ina tsaye ina ganin yana kumfa. Kanwa tana kashe kaifin ruwan batir, kamar yadda take kashe tsamin miya. Aka ɗauraye, aka bari rana ta busar. Daga nan sai burushin waya da samfefa, ana gurza har jan ya tafi farin ƙarfe ya bayyana. Ƙananan notuna da maƙalai kuwa a cikin ruwan tsami aka jiƙa su suka kwana, da safe tsatsar ta saki.

A nan ne muka yi gardama, kuma gardamar kuɗi ce. Wani matashin mai gyaran jiki ya ja ni gefe ya ce zai cike ramin da bodi fila, ya goge, ya fesa fenti, ba wanda zai gane, kuma kuɗin bai kai rabin na walda ba. Gaskiya raina ya biya, don adashen ya kusa ƙarewa. Dattijon bai hana ni ba. Sukurudireba kawai ya ɗauka ya caka a gefen ramin, ƙarfen ya ɓurme kamar ƙanzo. Ya ce fila ba ta ɗaukar nauyi, kuma tsatsar da aka rufe ba ta mutuwa, ci take yi a ɓoye har fentin ya kumbura. Batir abu ne mai nauyi, ya ce in yi tunanin ranar da zai zurma a kan hanyar Kano da yara a baya. Na sayar da 'yan kunnena guda biyu. Aka yanke ruɓaɓɓen, aka yi waldar sabon ƙarfe.

Idan kina da mota, ko wacce iri ce, ki sa a ɗaga batir a duba ƙarƙashinsa, musamman bayan damina. Kallon minti biyar ne.

Fenti shi ma da tsarinsa. Ƙarfen da aka gurza ba ya son jira, domin a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Zariya, yana iya wayar gari da sabuwar tsatsa. Ranar da aka gama gurza, ranar ake fesa jan fentin nan na farko mai hana tsatsa. A hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai an yayyafa wa ƙasa ruwa kafin a fara feshi. Sun naɗe duk abin da ba a so fenti ya taɓa da tsofaffin jaridu, har da ɗan farantin da ke ɗauke da lambar motar, wanda dattijon ya ce a kula da shi kamar ido, saboda shi ne ke daidai da takardun Baba. Feshin ma ba a yin sa da kauri lokaci ɗaya. Shafi ne siriri, a jira ya sha iska, a ƙara wani.

Abin da ya dame ni a wurin, ya kuma sa na ga ya kamata in gaya miki, mai fentin ne. Bai kai shekara talatin ba, amma yana tari irin na tsofaffi. Tsumma kawai yake ɗaurawa a hanci, wani lokacin ma ba ya ɗaurawa, ga warin tina yana hawa kai har inda nake zaune. Da ya gama sai ya aika a sayo masa madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, tururin fenti kuwa huhu yake shiga, ba sa haɗuwa a hanya. A gefe guda kuma ga tsofaffin batura an jibge, yaran unguwa suna wasa kusa da su, alhali akwai dalma a cikinsu, gubar nan da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010.

Ban iya kawar da kai ba, domin ɗana na biyu, wanda ya rako ni, tun rana ta farko ya cire rigarsa ya shiga cikin masu gurza. A hanyar komawa gida ya ce, "Umma, ni wannan aikin nake so in koya." Babansa lauya yake so ya zama, ga Kongo nan kusa. Har yanzu ba mu gama wannan magana a gida ba. Abin da na yi dai, na je Sabon Gari na sayo takunkumin fenti na gaske, mai matata a gefe biyu, guda biyu, ɗaya nasa ɗaya na mai fentin. Na gaya wa dattijon cewa yaron zai riƙa zuwa ranakun Asabar, bisa sharaɗin ba zai taɓa bindigar fenti ba sai da shi a fuska, kuma ba zai ci abinci ba sai ya wanke hannu da sabulu. Ya ce ya ji, kuma shi ma zai sa ido.

Ranar da aka cire jaridun, gidan injin ya fito fari tas, injin kuwa yana can gefe a kan taya, ko kunce shi ba a yi ba. Tayoyi, kujeru, birki, duk suna jiran wata kwasar adashen. Na ɗauki hoto a waya na kai wa Innarmu. Ta daɗe tana kallo, ta matso da wayar kusa da idonta, sannan ta ce farin ya yi yawa, na Malam ya ɗan fi wannan duhu, kamar ruwan madara.