Nawa Zan Zuba?

'Yan'uwana ɗalibai, na daɗe ina shawara da zuciyata ko in rubuta wannan labari ko in bari, domin ba abin alfahari ba ne. Amma da na ga waɗansu daga cikinmu sun fara bin hanyar da na bi, sai na ce gara in sha kunya sau ɗaya, watakila gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Ni mutumin Demsawo ne, a cikin Jimeta. A hutun shekarar 2024, lokacin zafin nan na watan Afrilu da ba ya barin mutum barci a ɗaki, wani abokina ya nuna mini wata karta ta Turawa da ake yi a wayar hannu, sunanta foka. Tana da iri iri, amma wadda ta kama ni ita ce ta mutum biyu, kai da abokin karawarka kurum, kuma ba ka ganinsa, ba ka san garinsu ba. Karta 52 ce. Ana ba kowa biyu a ɓoye, sa'an nan a buɗe biyar a tsakiya kaɗan kaɗan, kowa ya haɗa da nasa. A kowane mataki mutum yana iya zuba kuɗi, ɗayan kuwa ko dai ya bi, ko ya ƙara, ko ya janye ya bar abin da ke tsakiya. Da yake ku biyu ne, tilas kowane zagaye ku aza wani abu tun ba a raba karta ba, sabo da haka ba dama mutum ya zauna jiran karta mai kyau, kuɗinsa na zagwanyewa.

Ni kuwa ɗalibin lissafi ne, abin da ya yaudare ni ke nan. Na ce wa kaina wannan ba caca ba ce irin ta jahilai, ilmi ne. Kuma lalle akwai ilmi a ciki, bari in nuna muku.

A ce akwai Naira 2,000 a tsakiya, abokin karawarka ya zuba 2,000. In za ka bi, kai ma 2,000 za ka zuba, duka ya zama 6,000. Watau naka kashi ɗaya ne cikin uku, don haka in kana zaton za ka ci fiye da sau ɗaya cikin uku, bin ya fi janyewa. In kuwa 1,000 ya zuba, naka 1,000 ne cikin 4,000, sau ɗaya cikin huɗu ya ishe ka. Ashe yawan abin da mutum ya zuba farashi ne ya yanka wa ɗan'uwansa, kamar yadda mai atamfa ke yanka kuɗi a kasuwar Jimeta. Haka kuma mai burga, wanda ba shi da kome a hannu amma yana so ya tsorata ka. In ya zuba daidai abin da ke tsakiya, sai burgarsa ta ci sau ɗaya cikin biyu kafin ya mai da kuɗinsa. In rabi ya zuba, sau ɗaya cikin uku ya wadatar.

Da na gane wannan sai na ɗauka na gama sani. Makon farko na ci Naira 9,000, na sayi tsire na raba wa abokai, ina tafiya ina jin kaina.

To, amma akwai abin da ban lura ba. In kartata ta yi kyau, sai in zuba da yawa don kwaɗayi, in ba ta yi ba, sai in zuba kaɗan don tsoro. Ashe da hannuna nake karanta wa mutum abin da na ɓoye. Wanda ya san wasan yakan zuba abu ɗaya ko yana da ƙarfi ko burga yake yi, yana cuɗanya su, har ka rasa gane gabansa. Wani dare na gamu da irinsu. Ya bar ni na ci ƙananan zagaye, duk sa'ad da na zuba kaɗan sai ya danne ni da ƙari, in na zuba da yawa sai ya janye abinsa. Kafin tsakar dare ribar nan ta tafi, na fara taɓa Naira 60,000 da Bappana ya ba ni in biya kuɗin rajista in an koma makaranta.

Zagayen da ba ni mantawa shi ne wannan. Akwai 10,000 a tsakiya, an buɗe karta ta ƙarshe, sai ya zuba 20,000, ninki biyu. Na yi lissafi maza: 20,000 cikin 50,000, sau biyu cikin biyar. Na ce ai mai kaya na gaske ba ya koran mai saye da tsada haka, wannan burga ce. Na bi. Ya buɗe, ya fi ni nesa ba kusa ba. Lissafina bai yi kuskure ba, zaton da na aza lissafin a kansa shi ne ruɓaɓɓe, domin fushi ne ya ba ni shi. Daga nan na shiga neman fansa, ina ƙara zubi don in mai da abin da ya tafi. Da aka kira assalatu ba ni da ko kwabo.

Bayan wannan na koma karatu, ina neman inda na ɓata, na sami abubuwa uku.

Na fari, masana sun daɗe da wannan zance. John von Neumann da Oskar Morgenstern sun yi bayanin lissafin burga a littafinsu na 1944. A 2015 masana na Jami'ar Alberta a Kanada suka ba da sanarwar cewa na'urarsu Cepheus ta kusa ƙure irin fokar mutum biyu da aka ƙayyade zubinta. A watan Janairu na 2017 kuma wata, Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, ta kara da gwanaye huɗu na duniya a irin wadda ba a ƙayyade ba, zagaye 120,000 cikin kwana 20, ta ka da su. Daga cikin abin da ya rikita su har da zubi mai ninka abin da ke tsakiya. To, in gwanayen duniya sun sha ƙasa, ina ni ɗan Demsawo, wanda ba ya ko ganin abin da ke gaban abokin karawarsa?

Na biyu, masu gidan wasan suna cire la'ada. A ce mutum biyu gwanintarsu ɗaya, kowa ya zo da 10,000, suka yi zagaye 100, kowanne da 1,000 a tsakiya, ana cire 50. Sun tashi ba wanda ya fi wani, amma 5,000 ta tafi, rubu'in dukiyarsu ke nan.

Na uku, wani masani, John Kelly, ya nuna a 1956 yadda za a auna abin da ya kamata mutum ya zuba bisa ga rinjayen da yake da shi. Ga wanda ba shi da rinjaye, amsar lissafin sifiri ce. Na yi dariyar baƙin ciki, domin abin da malaminmu na allo ya gaya mana ke nan tun muna yara, sa'ad da ya kai mu inda aka hana caca a Suratul Ma'ida.

Kwana uku ina ɓoyewa, ran na huɗu na tarad da Bappa gindin dogon-yaro suna dara. Da aka watse na durƙusa na gaya masa duka, har ina ƙoƙarin bayyana masa sau biyu cikin biyar. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina dara a nan, an ci ni ba iyaka, amma kullum da hulata nake komawa gida. Kai ka iya lissafin nawa za ka zuba, ba ka tambayi kanka kuɗin wa za ka zuba ba." Bai ƙara kome ba. Ragon da ya ke kiwo don layya shi ya sayar ya biya mini, shekaran nan gidanmu ba a yi yanka ba, kowa kuwa ya san dalili. Wata bakwai ina koya wa yaran unguwa lissafi da maraice kafin na biya shi.

Mu da za mu fita mu zama malamai, yaran da za a danƙa mana da waya a hannunsu za su tashi, kuma za a yi musu tallan wannan abu da sunan wayo. Kada mu ce musu babu ilmi a ciki, za su gane ƙarya muka yi. Mu koya musu lissafin har ƙarshensa, da la'adar, da sifirin, domin rabinsa ni na sani, shi ya kai ni ga ragon Bappa. Allah ya kiyashe mu kwaɗayi, amin.