Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba su fayyace ko kamanninsa zai gada ko zuciyarsa ba. Wannan tambaya ce take ci mini tuwo a ƙwarya tun da na kammala digirina a fannin injiniyan ƙere-ƙere, kuma wata mota 'yar ƙasar Italiya ce ta fi kowane malami tsananta mini ita.

A shekarar 1971, kamfanin Lamborghini ya nuna samfurin wata mota mai suna Countach a baje kolin motoci na Geneva. Sunan kalma ce ta mamaki a harshen mutanen yankin Piedmont, irin abin da kan kuɓuce daga bakin wanda ya ga abin al'ajabi. Motar ta cancanci sunan: ga ta a kwance kamar bakin gatari, ƙofofinta na ɗagawa sama tamkar almakashi. Wanda ya zana ta, Marcello Gandini, shi ne ya zana Miura da duniya ta yi ta yabo a 1966, yana da shekara 27, kusan sa'ana a yau. Maimakon ya maimaita lanƙwashe-lanƙwashen da suka jawo masa suna, sai ya juya musu baya, ya rungumi miƙaƙƙun layuka masu kaifi.

Bayan shekara 50, a 2021, kamfanin ya farfaɗo da sunan da sabuwar Countach LPI 800-4. Guda 112 kacal aka ƙera, kowace a kan sama da dala miliyan biyu, kuma duk an saye su tun kafin a nuna ta ga jama'a. Injinta mai silinda 12 ne, da ƙaramin injin lantarki mai tallafa masa, tana kuma iya gudun kilomita 355 a sa'a guda. A duk ma'aunin da aka koya mana a aji, ta shafe uwarta.

Sai dai Gandini, yana da shekara 83 a lokacin, ya fito fili ya nesanta kansa da ita, ya nuna cewa maimaita tsohon zane ya saɓa wa aƙidar da ya gina aikinsa a kai. Na fahimci kamfanin: yaran da suka manna hoton tsohuwar motar a bangon ɗakunansu sun girma sun yi arziki, kuma kewar ƙuruciya haja ce mai tsada. Duk da haka, ina bayan tsohon. Countach ta farko ta girgiza mutane ne domin ba su taɓa ganin irinta ba, ita kuwa sabuwar ana son ta ne domin an taɓa gani. Ta gaji suna da siffa, mamakin da sunan ke nufi kuwa ya tsaya a 1971.

Ba na tsammanin zan taɓa riƙe sitiyarin ɗaya daga cikin 112 ɗin nan, amma darasinta ya shafe ni kai tsaye. Mu ɗaliban ƙere-ƙere da kwance injin wasu muka koyi aiki, kuma babu laifi a hakan, domin da koyo akan iya. Haɗarin shi ne mutum ya tsufa yana kwaikwayo, saboda kasuwa ta fi saurin biyan abin da ido ya saba da shi. Ga wanda ke neman aiki kamar ni, wannan jarrabawa ce ta kullum, tunda zanen da aka sani shi ke saurin kawo abinci.

Gandini ya rasu a 2024. Idan akwai abin da nake fatan gada daga gare shi, to ƙarfin halin nan ne da ya sa ya ajiye zanen da ake yaba masa, ya ɗauko farar takarda.