Funfunar Damina da Esin Ɗakin Kwamfuta

Mu 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare muna da magana a kan funfuna, kuma muna so a ji ta kafin a ba da dogon hutu.

Kowa ya san funfuna. Ita ce tabon nan baƙi ko kore da ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Idan damina ta yi nisa, muna ganinta a gidajenmu, a bangon bayan gado, a ƙarƙashin katifa, har a kan takalmin fata. Shi ya sa iyayenmu mata suke fitar da kaya shanya duk ranar da rana ta leƙo. Malamin kimiyya ya koya mana cewa funfuna abu ce mai rai. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin su, kuma suna yawo a iska. Da sun sami laima da abin ci, kamar ƙura ko takarda ko katako, cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun fara tsiro.

A makarantar nan ɗaki ɗaya ne kawai yake da na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, shi ne ɗakin kwamfuta. Bara da muka dawo hutu aka kunna shi, sai wani wari ya buso kamar na jiƙaƙƙen tsumman da aka manta a bokiti. Wasu suka yi ta atishawa. Wata 'yar ajinmu mai ciwon asma ta kama tari har malam ya ce ta fita. Makonni uku ba ta shiga darasin ba, ga shi sau ɗaya a mako muke taɓa kwamfuta.

Me ya haɗa esi da funfuna? Idan ka zuba ruwan sanyi a kofin silba, za ka ga bayansa ya yi gumi. Haka ƙarafunan cikin esi suke janye ruwa daga iskar ɗaki, ruwan ya bi ta tiyo ya ɗiga a waje. To, ƙurar hunturu ta riga ta cika ragar da ke tace iska. Idan tiyon ya toshe, ruwa zai kwanta a ciki. Ga ƙura, ga ruwa, ga duhu, funfuna ta sami gida ke nan. Da an kunna, sai esin ya hura mana irinta mu shaƙa. Shi ma esin yana wahala: iska ba ta wucewa sosai, sanyinsa ya ragu, ya ci wuta ko man janareto fiye da da.

A shekarar 2009, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani cewa zama a gini mai laima da funfuna yana ƙara haɗarin tari, ƙarar numfashi da asma. Masana suna ba da shawarar kada laimar iskar ɗaki ta wuce kashi 60 cikin 100.

Abin da ya fi damun mu shi ne, watan Agusta ne aka fi yin ruwa a nan Arewa, kuma a watan ne ɗakin yake kulle, ba mai buɗe ko taga ɗaya.

Saboda haka muna roƙon shugaban makaranta abu uku. A kira mai gyara ya wanke cikin esin ya buɗe tiyon, domin wannan ba aikin yara ba ne. A duba inda kwano yake yoyo a kusurwar silin. Sannan a ba maigadi izinin buɗe tagogi duk ranar da gari ya yi rana.

Mu kuma mun shirya yin namu. Idan malam ya kashe wuta ya ciro ragar, za mu wanke ta da ruwa da sabulu, mu shanya ta bushe sarai. Za mu janye kwalayen littattafai daga jikin bango mu ɗora su a kan tebur. Masu asma ba za su shiga aikin ba. Duk mai son ya taimaka ya rubuta sunansa a takardar da ke ƙasan wannan allo kafin ranar Juma'a. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya kai mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya.