Yadda Na Sa Kalangu Cikin Kwamfuta

Tun bayan da wani bawan Allah ya ambaci aikina a wajen walimar suna a Zongo, mutane da dama sun tare ni a hanya suna tambaya, wai shin gaskiya ne ɗan mahaucin nan na Kpébié yana sayar da kalangu ta cikin waya? To, tun da maganar ta fita, gara in faɗe ta da bakina, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ni dai a nan Paraku aka haife ni, a nan na yi lakwal, a nan kuma na shiga jami'ar da aka buɗe mana a 2001. Da na gama sai na samu aikin rubuta lissafi a wurin wani Alhaji mai kai kaya Nijeriya. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta, ciniki ya tsaya cik, aka sallame mu da godiya da addu'a. Na koma gyaran kwamfuta a wata rumfa kusa da kasuwar Arzèkè. A nan ne wani mai ɗakin ɗaukar waƙa ya kawo mini kwamfutarsa, ya zauna yana jira, yana ta kukan abu guda. Ya ce mawaƙan biki na zuwa masa suna son kalangu a cikin waƙa, shi kuwa duk gangunan da ke cikin na'urarsa na wasu ƙasashe ne, in ya ɗauko makaɗi na gaske kuma kuɗin aikin ba ya isa.

Kafin in ci gaba, bari in yi wa iyayenmu bayanin abin da ake kira fulogin. Mai haɗa kiɗa a yau yana aiki ne da babbar manhaja, a wajenmu galibi FL Studio, wadda wani kamfanin Beljiyam ke yi. Ita wannan babbar kamar gida ce, fulogin kuwa baƙo ne da ake saukarwa a ciki domin ya yi aiki guda ɗaya. Wani ya zama garaya, wani ya ƙara wa murya amo. Muryar nan mai rawa da kuke ji a waƙoƙin finafinan Kano, aikin wani fulogin ne mai suna Auto-Tune, wanda ya fito a Amurka a 1997. Wani kamfanin Jamus, Steinberg, shi ya kafa ƙa'idar yadda baƙon zai yi magana da maigida a 1996, ya sa mata suna VST, ya kuma bar ƙofa a buɗe ga duk mai son ya rubuta nasa. Watau dai mutum ɗaya a ɗakinsa yana iya yin abin da zai shiga ɗakunan waƙa na duniya. Wannan magana ita ta hana ni barci a daren nan.

Na ɗauko wasu kayan aiki da ake kira JUCE, waɗanda wani Bature a Ingila ya fitar a 2004, kyauta ne kuma ga wanda cinikinsa bai taka kara ya karya ba. Da harshen C++ ake rubutun, abin da muka taɓa sama-sama a jami'a. Wahalar da ban sani ba ita ce ta lokaci. Kwamfuta tana yanka kowace daƙiƙa ta sauti gida 44,100, ta miƙa wa fulogin kamar guda 256 a lokaci ɗaya, ta ce ya gama da su kafin kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa. In ya makara ko sau ɗaya, sai ka ji ƙas a cikin waƙa. Wata uku na yi ina jin ƙas-ƙas ɗin nan, ga ɗaukewar wuta, ga tsadar intanet, har na koyi sauko da darussa da tsakar dare in karanta da rana.

Da mahaifina ya ji abin da nake yi, bai yi faɗa ba, amma ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kai yanzu, mu da ake yi wa kiɗa, mu ne za mu koma yi?" Duk wanda ya tashi a gidan fawa ya san abin da yake nufi. Kalangu na mahauta ne tun kaka da kakanni, amma mahauci tsayawa yake a kaɗa masa ya yi kyauta, ba ya rataya ganga. Na ce, "Baba, ni ba makaɗi ba ne, maƙeri ne." Ya ce to Allah ya sa maƙerin ya ci abinci. Duk da haka shi ne ya faɗa mini inda zan je, ya ce in dai kalangu na gaskiya nake so, in tafi Jugu wurin wani dattijo da ya yi wa kakana kiɗa.

Na hau mota a cikin hunturu, kilomita 130 da 'yan kai, da makirfo na aro a cikin jaka. Hanyar nan kuwa ita ce kakanninmu fatake suka riƙa bi da jakuna daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ita ta ajiye mu a waɗannan garuruwa, sai ga jikansu yana binta neman sauti. Na samu dattijon a zaure. Na gaishe shi, na faɗi sunan gidanmu, ya yi murmushi ya taɓa kalangun da ke gefensa ya kaɗa taken kakana, wanda ban taɓa ji ba sai ranar. Sa'an nan na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ɗana, in ka sa kalanguna cikin akwatin nan, wa zai sake kirana biki?"

Wallahi ban shirya wa wannan tambaya ba. Na yi ta kame-kame, na ce ai masu biki ba za su daina son makaɗi a fili ba. Ya ce, "Su na fili ba su ne ke ba ni tsoro ba. Yaran gidan nan biyu suna samun na cefane a wajen masu ɗaukar waƙa." Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ban sami amsar da ta gamsar da ni kaina ba. Abin da muka yi shi ne, aka kira shaidu biyu daga masallacin unguwa, na rubuta a takarda da Faransanci, limami ya rubuta da ajami, cewa kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka sayar nasa ne, in ya rasu na iyalinsa. Sa'an nan muka rufe ƙofa da tabarma da barguna, muka jira kaji da masu babur suka yi shiru, muka ɗauki sauti dare biyu.

A nan ne fa na gane ban san kalangu ba, alhali kuwa da jin sa na girma. Na ɗauka bugu ɗaya zan ɗauka, in sa kwamfuta ta ɗaga shi ko ta sauke shi. Da na gwada haka sai abin ya fito kamar ana buga gwangwani, domin in ka ɗaga sauti ta hanyar hanzarta shi, sai ya yi siriri ya kuma gajarce. Kalangu kuwa a hammata yake magana. Makaɗi yana matsa tsarkiya fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka, kuma sau da yawa bayan ya buga ne yake matsawa, sautin ya lanƙwasa yana cikin tafiya. Da wannan lanƙwasa yake kwaikwayon hawa da saukar Hausa, har mai ji ya gane sunan da ake kira. Madannin fiyano mataki 12 ne a jere kamar tsani, shi kuwa kalangu gangare yake bi. Dole na ɗauki kowane bugu a matsi iri bakwai, da ƙarfi da taushi, sa'an nan na rubuta yadda ɗaya zai narke cikin ɗaya idan mai kiɗa ya murza ɗan gargaren da ke gefen fiyano. Da na ga wasu sun yi ƙaranci na koma Jugu da damina in cike giɓi, sai na tarar fatar ta sha sanyi, muryar ta canja sarai, ba ta haɗuwa da ta hunturu. Haka na jira wata biyar iska ta sake bushewa.

A ƙarshen 2021 na fitar da shi, na kwamfuta mai Windows kaɗai, domin na Apple sai mutum ya mallaki irin kwamfutarsu ya kuma biya dalar Amurka 99 duk shekara. Na sa masa jaka 10. Mai ɗakin waƙar nan shi ya fara saya, ya biya ta waya, na kai wa mahaifina kuɗin ya sa albarka. Sannu a hankali aka fara kirana daga Kandi, daga Gaya, daga Maraɗi, har Kano. Na ƙasashen waje su ne suka ba ni wuya, domin karɓar kuɗin kati daga nan ba ƙaramin aiki ba ne, sai da wani ɗan'uwa a Faransa ya tsaya mini. Abin dariya, a 2023 da aka rufe gadar Malanville, manyan motoci suka yi layi da kaya suna lalacewa, ni nawa kayan yana haye kogin Kwara cikin minti biyu.

Amma kada mai karatu ya ɗauka na yi arziki. Ba a yi wata shida ba wani abokina ya turo mini hoton fulogin ɗina, an fasa makullinsa, ana tura wa mutane a katin waya tare da wasu ɗari a kan jaka guda. Na yi kwana biyu ban ci abinci sosai ba. Daga baya na tuna cewa manhajar da na fara koyo da ita ni ma ba sayenta na yi ba, sai bakina ya mutu. Shawarata ga ƙannenmu masu sha'awar wannan sana'a ita ce kada su bar aikin da ke ciyar da su tukuna. Ni har gobe ina rumfata ina gyaran kwamfuta. Kuma kada su ce za su yi gasa da Turawa wajen yin fiyano ko jita, an riga su nesa. Goge na nan, kuntigi na nan, algaita da kakakin da ake busawa a Gani ta Nikki suna nan.

Bayan Babbar Salla ta bana na kai wa dattijon rabonsa, na kuma tafi da kwamfuta domin ya ji abin da ya fito daga kalangunsa, tun da bai taɓa nema ba. Na kaɗa masa taken kakana kamar yadda na koya. Ya sunkuyar da kai, ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Muryar tawa ce, amma Hausar ta jikokina ce, waɗanda Dandanci ya cinye wa harshe. Inda ya kamata ya faɗo, tsayawa yake yi." Ya ɗauki nasa ya nuna mini wurin sau uku, a hankali, yana sakin hammata tun sandar ba ta bar fata ba. Na duba na ga ashe nawa yana jinkiri kafin ya fara sauka, ɗan abin da ni kunnena bai taɓa kamawa ba. Ya ce in dawo idan hunturu ya shiga, in zo da makirfon, kuma in gaya wa mahaifina rabonsa da tsire mai kyau tun rasuwar kakana.