Kunne Ya Girmi Kaka

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a jami'a, kuma faɗanmu na farko a kan wata 'yar sifika aka yi shi. Karo-karo muka yi muka saye ta a makon da muka shiga aji biyu, ba tare da mun tsara wanda zai riƙa saka waƙa ba. Bakanon cikinmu bai san komai ba sai waƙoƙin soyayya na Hausa: Hamisu Breaker da safe, Umar M. Shareef da rana, Nura M. Inuwa da dare. Ɗan Jos kuwa sai hip-hop da Afrobeats, in gado bai girgiza ba, a wurinsa ba a fara kiɗa ba. Basakkwace ya tashi a gidan da ake kallon fina-finan Indiya, don haka Lata Mangeshkar ce gwanarsa, ko da yake ba ya jin kalma goma ta yarenta. Na huɗunmu, wanda ya fito daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, shi kaɗai ne bai taɓa neman sifikar ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ku saka duk abin da kuke so." Muka ɗauka haƙuri ne ya yi masa yawa.

Wata rana rigimar ta kai har an finciki sifikar ta faɗi ƙasa, gefenta ya tsage. A daren muka zauna muka rubuta doka a takarda, muka manna a bayan ƙofa. Kowace Juma'a bayan sallar isha'i mutum ɗaya ne zai zaɓi abin da za a saurara, kuma dole ya kawo irin kiɗan da sauran ba su saba ji ba. Dole ya faɗi sunan mai waƙar da garinsu. Ba a yarda kowa ya kushe waƙa ba sai ya ji ta sau uku. Ban da batsa. In an kira salla, ko wani yana karatu, a kashe. Muka sayi littafi mai shafi arba'in don rubuta abin da muka ji.

Makon farko ya kusa rusa shirin. Basakkwace ya samo waƙar Ummu Kulsum ta Masar daga wani abokinsa mai karanta Larabci. Waƙa ɗaya ta doshi awa guda, kuma an daɗe ana kiɗa zalla kafin ta buɗe baki. Biyu daga cikinmu barci ya kwashe su. Amma doka doka ce. A sauraro na uku muka fara lura da abin da ya wuce mu: takan maimaita layi ɗaya sau da yawa, kowane maimaici da irin lanƙwasar muryarsa, jama'ar da ke zauren suna ihu suna roƙon ta sake. Aka ce mana a zamaninta, daren Alhamis ɗin farko na wata, mutane kan taru a gaban rediyo a ƙasashen Larabawa don jin ta. Ta rasu a 1975. Ba mu zama masoyanta duka ba, amma daga ranar muka yarda cewa jin farko ba ya isa a yanke hukunci.

Ɗan Jos ne ya kawo mana Mdou Moctar, wani Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, bahago, mai kaɗa jitar lantarki kamar zai tsinka ta. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke. Abin da ya sa Basakkwace tsalle shi ne jin cewa a Sakkwato wannan mutumin ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin fina-finan Hausa, kuma ta Bluetooth da memori waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya kafin duniya ta san shi. "Wato a bayan gidanmu aka yi abin, ni ban sani ba!" in ji shi.

Daga nan hanya ta kai mu Mali, wurin Ali Farka Touré na garin Niafunké a bakin kogin Neja, wanda ya rasu a 2006. Mako na gaba muka ji blues, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, sai muka kasa bambance inda wannan ya ƙare da inda wancan ya fara. Wani ɗalibi a ɗakin da ke kusa da namu, mai kaɗa fiyano, shi ya warware mana. Ya ce do-re-mi ɗin da aka koya wa wasunmu a firamare matakan sauti bakwai ne, amma kaɗe-kaɗe da yawa na yankinmu a kan matakai biyar ake gina su, haka ma blues, haka ma kiɗan Sudan. Shi ya sa in Bahaushe ya ji waƙar Sudan yakan ji kamar ya taɓa saninta. Neman ta Sudan ɗin ne ya haɗa mu da Aisha Falatiya, wadda mahaifiyarta Bahaushiya ce, mahaifinta Bafulatani, da suka zauna a can, kuma ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon ƙasar, a 1942.

Haka watanni suka riƙa tafiya. Muka gano cewa Afrobeat na Fela Kuti, wanda ya rasu a 1997, daban yake da Afrobeats na su Burna Boy: na Fela yana da tarin kayan busa, waƙa ɗaya takan wuce minti goma, kuma gwamnatocin soja yake caccaka, abin da ya sa aka sha ɗaure shi. Muka ji amapiano na Afirka ta Kudu. Muka ji wani kiɗan Turawa na goge zalla wanda har yau Bakano yake karatu da shi. Da azumi ya zo muka ajiye sifikar a akwati sai bayan salla. A duk wannan lokaci, in layi ya zo kan na huɗunmu, yakan kawo wani abu daga nesa, yau Habasha, gobe Senegal. Bai taɓa kawo na gida ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Ƙannenmu, ga inda muka yi abin kunya, kuma saboda shi muka rubuto muku.

A zango na biyu, wata Juma'a Bakano bai shirya komai ba, sai ya saka Mamman Shata don a yi dariya. Kalangu na tashi muka fashe. Ɗan Jos ya yafa bargo kamar babbar riga yana kwaikwayon roƙo, Basakkwace yana yaga takarda yana liƙa masa a goshi. Muka manta da dokar sau uku, domin a ganinmu wannan ba sabon abu ba ne, waƙar tsofaffi ce da muke ji a motar haya. Sai ɗayanmu ya ce, "Ai waɗannan maroƙa ne kawai. Sana'ar wanda zuciyarsa ta mutu." Na huɗunmu ya tashi ya sa takalmi ya fita. Kwana biyu a ɗakin wani ɗan ajinsu ya kwana. Da ya dawo bai ce komai ba, mu ma muka share.

Juma'ar da ta biyo tasa ce. Ya haɗa wayarsa, sai muka ji kalangu, ga hayaniyar biki a baya, mata suna guɗa. Ba a situdiyo aka ɗauka ba, da waya ne. Muka yi shiru har ya ƙare. Bakano ya ɗauko littafi ya ce, "To malam, sunan mai kiɗa da garinsu?"

Ya ce, "Babana ne."

Babu wanda ya iya ɗaga kai. Ya ci gaba da magana a hankali, ba tare da faɗa ba. "Da kalangun nan aka saya mini littattafai, da shi aka biya kuɗin jarrabawata ta fita sakandare. Tun ina aji ɗaya ake kirana ɗan maroƙa. Akwai wanda ya taɓa jefa mini naira biyar a gaban 'yan aji wai in yi masa kirari. Daga nan duk takardar da aka ce a rubuta sana'ar uba, manomi nake rubutawa. Yana noma ɗin, ba ƙarya na yi ba. Amma na san abin da nake ɓoyewa."

Mu ukun muka ba shi haƙuri, haƙurin da mu kanmu muka ji bai isa ba. Mun yi wata bakwai muna girmama mawaƙan Masar da Mali, muna haƙurin jin harsunan da ba mu sani ba har sau uku, amma na gidanmu ko minti biyu ba mu ba shi ba. Shi ya katse shirun da kansa. Ya ce, "Doka ta ce sau uku. Saura biyu."

A ji na biyu ya riƙa tsayar da kiɗan yana yi mana bayani. Kalangu yana da baki biyu da aka rufe da fata, tsakiyarsa a tsuke, ga igiyoyi sun haɗa bakin nan da wancan. Makaɗi yana rataye shi a hammata. In ya matse igiyoyin fata ta ɗaure, sauti ya hau sama, in ya saki ya sauko. Hausa kuma harshe ne mai hawa da saukar murya: ku faɗi "wuya" ta jiki, ku faɗi "wuya" ta wahala, za ku ji bambancin. Wannan hawa da saukar kalangu yake bi, shi ya sa ake cewa yana magana. Ya nuna mana inda babansa ya kaɗa taken mahauta, domin kalangu kiɗansu ne tun asali, da inda ya kira wani mutum da takensa ba tare da ya buɗe baki ba, mutumin kuma ya ji ya taso. A ji na uku mu da kanmu muka fara tsinkayar maganar.

Sauran watannin shekarar gida muka dawo. Muka sake saka Shata, a zaune, da biro a hannu. Kalmomin da ba mu sani ba suka cika shafi biyu, mu da muke taƙama Hausa harshenmu ne, sai da muka riƙa buga wa iyayenmu waya suna fassara mana. Muka ji cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, kuma ya rasu a 1999, kafin a haifi ko ɗaya daga cikinmu. Muka saurari Ɗanmaraya Jos, wanda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya yi wa karen mota da sauran talakawa masu neman na kansu waƙa. Ɗan Jos ya yi tsuru, domin a garinsu mutumin ya rayu har ya rasu a 2015, amma bai taɓa zama ya ji shi ba. Muka ji kotson Musa Ɗanƙwairo da yadda 'yan amshinsa suke karɓe waƙa daga bakinsa, da kiɗan ƙwaryar Barmani Choge ta Funtuwa, wadda take gaya wa mata su tashi su nemi sana'a. Mahaifiyar Bakano da ta ji abin da ɗanta yake tambaya a waya, dariya ta yi ta ce, "Yau kuma kai ne da Barmani?" Suka yi kusan awa guda suna hira, abin da ya ce bai taɓa faruwa ba tun da ya shiga jami'a.

Kafin hutun ƙarshen shekara abokinmu ya kira babansa ya sa mu a layi. Muka gaishe shi, ya ce, "Samari, an ce kuna sauraron tsofaffi. To madalla, amma ku riƙe karatu." Sannan ya ɗauko kalangu ya kaɗa sunan kowannenmu ta waya. Ɗan Jos ya ɗauki nasa, shi ne ƙarar kiran wayarsa har yau.

A daren ƙarshe kowa ya faɗi gwaninsa na shekara. Bakano ya zaɓi Ali Farka Touré. Basakkwace ya tsaya a kan Mdou Moctar, wai ɗan gida ne. Ɗan Jos, mai cewa sai gado ya girgiza, ya zaɓi Ɗanmaraya da tsirkiyarsa guda. Na huɗunmu ya zaɓi Ummu Kulsum, muka yi ta yi masa tsiya. Babu wanda ya bar abin da yake so da farko. Har gobe Breaker yana tashi a ɗakinmu da safe.

Mun san da yawanku makaranta ba ta yarda ku riƙe waya ba, kuma daidai ne. Wannan abu ba ya buƙatar waya ko data. Akwai rediyo a gida, kuma tashoshinmu suna saka kiɗan gargajiya. In an yi hutu, ku tambayi kaka ko baba waƙar da suka fi so suna da shekarunku, ku zauna ku ji ta tare sau uku, ku rubuta kalmomin da suka shige muku duhu, ku tambaya. In waƙa ta batsa ce, ku bar ta ko da kiɗanta ya yi daɗi. In lokacin karatu ne, a kashe.

Sannan ku duba ajinku. Wataƙila akwai ɗan makaɗi, ko ɗan wanzami, ko 'yar mai tallan ƙosai, da yake yin shiru duk lokacin da aka zo maganar gida. Abokinmu ya yi shekara shida a sakandare yana haka, ya ƙara wata bakwai a ɗakinmu. Da izininsa muka ba ku labarin nan, bisa sharaɗin ba za mu faɗi sunansa ba, domin har yanzu ba kowa yake gaya wa ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma ya yi alkawarin in an dawo hutu zai zo da ƙaramin kalangu daga gida. Mun riga mun sayi sabon littafi.