Gadon da Ba Alkali Ke Rabawa Ba

Gado iri biyu ne. Akwai wanda akan raba a zauren alkali bayan mutum ya rasu, watau gona da gida da dabbobi da tufafi. Akwai kuma wanda aka riga aka raba tun ba a haifi magajin ba, watau tsawo ko gajarta, da siffar hanci, da launin fata, da irin jinin da ke gudana a jiki. Na farko kowa ya san ka'idarsa, in an ƙware mutum ya san inda zai kai ƙara. Na biyun kuwa jama'a da yawa ba su san yadda ake rabonsa ba, saboda haka in ya zo da abin da ba a so, sai a nemi wanda za a ɗora wa laifi, galibi kuwa a kan mace yakan faɗa. Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da masana suka gano game da wannan rabo ke nan.

Mutumin da ya fara gane ka'idar gadon jini sunansa Gregor Mendel. Malamin addinin Kirista ne, yana zaune a wani gidan ibada a birnin Birno, wanda a zamaninsa ke ƙarƙashin Ostiriya, yanzu kuwa yana cikin Jamhuriyar Cek. Ɗan manomi ne, ya san shuka tun yana yaro. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta gwaji da wani irin wake na ƙasarsu a lambun gidan. Waken nan akwai mai doguwar itaciya, akwai mai gajeruwa, kowanne kuwa in aka bar shi shi kaɗai, irinsa yake haifarwa. Sai Mendel ya ɗebi ƙurar furen dogon, irin wadda manomanmu ke kira bununi a jikin gero, ya sa a furen gajeren. Da ya shuka 'ya'yan da suka fito, kowa zai zaci matsakaita za a samu. Ina! Duka dogaye suka fito, babu gajere ko ɗaya.

Bai tsaya nan ba. Ya bar waɗannan dogayen suka yi 'ya'ya da ƙurar furensu, ya sāke shukawa. Sai ga gajarta ta komo a jikoki. Ya bi su ɗaya ɗaya ya ƙidaya: dogaye 787, gajeru 277, watau kamar uku ga ɗaya. Ya gwada launin ƙwayar waken, ya sami rawaya 6,022, kore 2,001, uku ga ɗaya har wa yau. Siffofi bakwai ya bi haka, lissafin bai sāke ba.

Ga yadda ya fassara abin. Kowace siffa tana da sanadi biyu a jikin mai ita, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In biyun suka saɓa, ba sa gauraya kamar nono da ruwa. Ɗaya yakan rinjaya ya bayyana, ɗayan ya laɓe, amma yana nan lafiya lau. 'Ya'yan farko duk suna ɗauke da tsawo da gajarta, tsawo ya rinjaya. In za su haihu kuwa, kowanne ɗaya tak yake bayarwa daga cikin biyun. To, haɗuwar iri huɗu ce: tsawo da tsawo, tsawo da gajarta, gajarta da tsawo, gajarta da gajarta. Ukun farko dogaye ne a ido, na huɗun ne kaɗai gajere. Ka ji asalin uku ga ɗaya. Ka kuma ji dalilin da ya sa wani lokaci yaro kan tsallake uwa da uba ya ɗauko wata siffa ta kakansa.

Mendel ya karanta sakamakon aikinsa gaban masanan garinsu a 1865, aka buga a 1866, ba wanda ya kula. Ya rasu a 1884. Sai a 1900 waɗansu masana uku, kowa da nasa binciken, suka ga ashe malamin nan ya riga su da shekara talatin da wani abu.

Amma a ina waɗannan sanadai suke zaune? An gina jikin mutum da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita mai ƙara girman abu. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai waɗansu abubuwa kamar silin zare, masana na kiransu kuromosom, mu kuwa bari mu ce da su zaren gado. Sanadan nan na Mendel suna jere a jikin zaren kamar ƙulle-ƙulle a igiya, dubbai. Kowace halitta da yawan zarenta: gero 14, dawa da masara ashirin-ashirin, saniya 60. Na mutum an daɗe ana cewa 48 ne, sai a 1956 masana biyu a ƙasar Suwidin, Tjio da Levan, suka ƙidaya sosai suka ga 46 ne. Ba kuwa warwatse suke ba, biyu-biyu suke kamar takalma, ƙafa 23. A kowace ƙafa, wari guda na uwarka ne, wari guda na ubanka.

Nan mai hankali zai yi tambaya. In uwa na da 46, uba na da 46, ai ɗa sai ya tashi da 92, jika da 184, abin ya yi ta ninkuwa. Me ya hana? Abin da ya hana shi ne wani rabo na musamman da ke aukuwa sa'ad da jiki ke yin ƙwayoyin haihuwa, watau ƙwan mace da ƙwayar maniyyin namiji. Sunansa a bakin masana mayosis, daga wata kalmar Girkanci mai nufin ragewa. Wani ɗan ƙasar Beljiyam, van Beneden, shi ya lura a 1883, cikin tsutsar cikin doki, cewa ƙwayar haihuwa rabin zare take ɗauke da shi.

Ga yadda rabon ke tafiya. Da fari kowane zare yakan kwafi kansa. Sa'an nan kowane wari ya nemi ɗan'uwansa su jeru kafaɗa da kafaɗa, na uwa da na uba, har su yi musayar guntaye, wannan ya ba wancan yanki, ya karɓi makamancinsa. Kana ƙwayar ta rabu biyu, wari guda ya yi nan, wari guda ya yi can. Kowane rabi ya sāke rabuwa biyu. An sami ƙwayoyi huɗu ke nan, kowace da zare 23. A jikin namiji duka huɗun kan zama ƙwayoyin maniyyi, a jikin mace ɗaya ce ke zama ƙwai. Ran da na mace da na namiji suka haɗu, 23 da 23, sai 46 ta komo cif.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan yadda rabon kan iya kasancewa. A kowace ƙafa, ko warin uwa ya tafi ko na uba, kuma abin da ya faru a wannan ƙafa bai shafi waccan ba. In ka lissafa biyu sau biyu sau biyu har sau 23, za ka sami 8,388,608. Wannan na mutum guda ne, ba a ma sa musayar guntayen nan a lissafi ba, ba a kuma haɗa da na matarsa ba. Don haka ake samun 'yan ɗaki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wannan fari wancan baƙi, wannan zanƙalele wancan gajere. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ce. Rashin kama ma ba shaidar komai ba ne. Wanda ya dubi jariri ya ce bai yi kama da ubansa ba, har ya sa zato a zuciyar maigida, ya ɗauki alhaki a kan abin da bai sani ba.

Duk wanda ya san alfadari ya ga wannan ka'ida da idonsa. Doki na da zare 64, jaki 62. Goɗiya ta ba da 32, jaki ya ba da 31, alfadari ya tashi da 63. Ga ƙarfi ga jimiri, amma in lokacin rabon ragewa ya zo, zaren doki da na jaki ba sa jeruwa daidai, wari guda ma ba shi da abokin tafiya. Shi ya sa da wuya ƙwarai a ji alfadara ta haihu.

Yanzu ga inda maganar ta shigo gida. Cikin ƙafa 23 ɗin nan, ƙafa guda ce ke yanke mace ko namiji. Mace tana da wari biyu iri ɗaya, masana na rubuta su XX. Namiji yana da X guda da wani ɗan gajere, Y. Wata masaniya Ba'amurkiya, Nettie Stevens, tana cikin waɗanda suka gano haka a 1905. Kowane ƙwan mace X yake ɗauke da shi, ba ta da wani abin bayarwa. Ƙwayoyin namiji kuwa rabi X ne, rabi Y. In mai X ta riski ƙwan, 'ya mace ce. In mai Y ce, ɗa namiji.

Ina da goggo wadda ta haifi 'ya'ya mata biyar a jere. Ina yaro nakan ji yadda dangin mijinta ke yi mata habaici a gidan biki, wai ta cika musu gida da masu tafiya gidan wani. Ta ƙare rayuwarta tana ganin kamar ta ci bashin da ba ta biya ba. Alhali ƙwanta bai taɓa zaɓar komai ba. Shi ma mijin ba laifinsa ba ne, gama ba shi ke aika ƙwaya ya hana wata ba. Abin kamar jefa kwabo sama ne, kowace jifa sabuwa ce, ba ta san ta baya ba. Cikin gidaje 32 masu 'ya'ya biyar-biyar, bisa lissafi kamar gida guda zai sami mata zalla, gida guda maza zalla. Goggona gidan farko ta faɗa, iyakarta ke nan.

Akwai wadda ta fi wannan nauyi, ita ce cutar amosanin jini, wadda ake kira sikila. Ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne kamar faifai. Na mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, yaro ya yi ta kukan ciwon ƙashi, hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, jini ya yi ta ƙaranci. Gadonta daidai yake da na waken Mendel. Sanadin lafiyayyen jini ana rubuta shi A, na lauje S. Mai AA lafiya. Mai AS ma lafiya yake yawo, bai ko san yana ɗauke da komai ba, gama A ta rinjaya. Mai SS shi ne marar lafiya. A Nijeriya kamar mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Yawan nan yana da dalili: a 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, saboda haka sanadin ya yaɗu a ƙasashen da sauro ya yi yawa.

In AS ya auri AS, haɗuwar huɗu ce kamar dai ta wake: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Amma a kula da kyau. Ba wai in an haifi huɗu, ɗaya ne kurum zai kamu ba. Kowane ciki sabon rabo ne. Wani gida a haifi shida ba mai cutar, wani gida uku a jere duk da ita. Kuma yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa, ya karɓi S daga uba. Matar da ake cewa tana wabi, ana zargin nononta ko iska, in sikila ce ke ɗauke mata 'ya'ya, rabin sanadin daga wurin mijin ya fito. Auren zumunci kuwa yakan ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɓoyayyen sanadi iri ɗaya, tun da kaka ɗaya suka gada. In AA ya auri AS, ba za a haifi SS ba.

Sanin wannan ba wuya, ɗan jini kaɗan akan ɗiba a asibiti a auna. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar yin gwajin lafiya kafin aure, har da na irin jini. Shawarata ita ce kada a bari sai an kai kuɗi an sa rana, lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga gida biyu. Uba ya kai 'ya'yansa a auna su tun suna ƙanana, ya adana takardar tare da takardun gona. Wanda kuma aka riga aka haifa da cutar, a riƙa kai shi asibiti, a kāre shi daga sauro da sanyi, a ba shi ruwa ya sha da yawa. Da yawansu sun girma, sun yi karatu, sun yi iyali.

Kada kuma a ɗauka kome da kome a zare yake. Tsawo da launin fata sanadai masu yawa ne ke haɗuwa su yi su, abinci ma yana da hannu, iri mai kyau a busasshiyar ƙasa ba ya cika rumbu. Gaskiya da kunya da riƙon amana kuwa a gida ake koyonsu. Abin da zare ya ba ɗanka ba ka da iko a kansa. Abin da ke hannunka shi ne ka bincika kafin ka ba da 'yarka ko ka nema wa ɗanka, ka kuma kame bakinka daga zargin matar da ba ta yi kome ba.